Kofin da Ba Mu Sa wa Langa Ba

A hunturun da ya wuce, ina zaune a gefen kanal a gonar wana da ke tsakanin Bunkure da Kura, muna jiran layin ban ruwa ya zo kanmu, sai ga saƙo ta waya daga babban ɗansa, wanda ke karatun digiri na biyu a birnin Cork na ƙasar Ayalan. Gajeren bidiyo ne. Wasu samari ne a cikin ruwan sama da taɓo, ƙarƙashin fitilu, suna gudu da ƙwallo a hannu, su sake ta su taɓe ta da ƙafa, su cafe, su dunƙule hannu su nausa wa ɗan'uwansu. Da farko na ɗauka alƙalin wasan ne ya yi barci. A ƙasan bidiyon yaron ya rubuta: "Baffa, wannan ita ce langarsu. Jami'o'i ne ke karawa, kuma kofin ya haura shekara ɗari."

Na miƙa wa wana wayar. Ya duba na ɗan lokaci, ya ce, "Su waɗannan ba su da aikin yi ne?" Ya mayar da hankalinsa ga fangalin alkamarsa. Ni kuwa kalmar nan ta "langarsu" ta ƙi barina har na koma Kano.

Ya zama dole in yi wa matashin mai karatu bayanin langa, kuma wannan tilascin shi kansa wani ɓangare ne na abin da ke damuna. Ana rabuwa gida biyu. Kowane ɗan wasa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. Gidan da ke da wasa suna da mutum guda da ake kira ruwa, wanda burinsa ya kai wurin sha, wata bishiya ko turmi ko tudu da aka ayyana. 'Yan gidansa su kare shi, abokan karawa su yi ƙoƙarin kayar da shi. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, sai ya koma gefe. A baki abin kamar wasan yara, amma wanda ya taɓa yi ya san akwai dabara a ciki: wa za a sadaukar don a buɗe hanya, wa zai yi kamar ya gaji don ya jawo ƙaton gidan can ya bar wurinsa, yaushe ruwa zai fito daga bayan masu kare shi. Ni ba ni da ƙarfi tun ina yaro, amma ina da wuyar kamu, saboda haka sau da yawa ni ake sawa ruwa. Ban taɓa samun wani muƙami a rayuwata da ya faranta min rai kamar wannan ba.

Abin da ya riƙe langa da kokawa a ƙauyenmu ba wata ƙungiya ba ce, kalandar shekara ce. Kafin ruwa ya zo, noma wata biyar ne ko shida. Da an yanke gero da dawa, an kai dammuna rumbu, ƙasa ta huta, mutane ma su huta. Lokacin ne na kalankuwa, da ɗaurin aure, da tashin makaɗa daga wannan gari zuwa wancan. Mahauta na dambensu, manoma na kokawarsu, mu yara da samari muna langa a dandali duk daren farin wata. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kokawa ne a zamanin ƙuruciyarsa, kuma har ya tsufa idan ya ji ganga daga nesa sai ka ga kafaɗarsa tana motsi ba da saninsa ba. Babu wanda ya taɓa aika takardar gayyata. Kowa ya san idan kaka ta yi, fage zai buɗe.

Sai aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, daga baya kanal ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Ina ɗan shekara goma sha wani abu lokacin da ruwa ya iso gonakinmu, kuma na tuna tsofaffi suna tsayawa a bakin kanal suna kallon ruwa yana gudu a tsakiyar rani kamar masu kallon abin al'ajabi. Abin al'ajabin ne kuwa. Amma daga wannan shekara kaka ta daina zama ƙarshen aiki. Kafin a gama sussukar shinkafar damina, lokacin shuka alkama ya matso, domin alkama sanyi take so, wanda ya makara ya yi asara. Ga dashen tumatir da albasa, ga feshi, ga tsinka, ga kai kwanduna Kwanar Gafan tun kafin asuba. Daren farin watan da muke langa ya zama daren gadin ruwa, kowane saurayi yana bakin fangalinsa da fatanya da tocila, kada maƙwabci ya karkatar masa da rabonsa.

Kada mai karatu ya zaci kuka nake da ruwan Tiga. Kafin zuwansa, rabin mazan garinmu cin rani suke tafiya, wasu Kano, wasu kudu, wasu ba su dawo ba. Da kuɗin alkama da tumatir aka saya min littattafai da akwatin da na tafi makarantar kwana da shi. Shinkafar da matan Kura ke turarawa yau tana ciyar da gidajen da ba su san inda Kura take ba. In da za a ce in zaɓa tsakanin kanal da dandali, kanal zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba. Abin da nake cewa shi ne, wasan ya rasa lokacinsa, kuma babu wanda ya ba shi wani. Ba a hana langa ba, ba a yi mata wa'azi ba, yunwa kawai aka bar ta da ita har ta kwanta.

Waɗanda ya kamata su ba ta sabon masauki mu ne, 'ya'yan manoman da aka tura boko. A nan ne kunyata take. Lokacin da nake jami'a, ƙungiyarmu ta ɗalibai masu nazarin Hausa ta shirya makon al'adu, na kawo shawarar a yi gasar langa tsakanin ɗakunan kwana. Aka tura ni wurin wani jami'in kula da wasanni in nemi fili. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na san nawa aka kashe wajen shuka ciyawar filin. Ya ce in muna son wasan ƙauye, akwai sarari a bayan ɗakin cin abinci. Ba maganarsa ce ta fi yi min ciwo ba. Da na koma na ba da labari, abokaina dariya suka yi, ni ma na taya su, muka soke langa muka sa gasar karin magana da nunin tufafin gargajiya. Al'adar da ake sawa a jiki a ɗauki hoto ba ta ba mu kunya ba, wadda ake zufa a cikinta ce ta ba mu.

Saboda haka da saƙon yaron nan ya zo, na zauna na bi tarihin wannan kofi nasu, sai na tarar mutanen Ayalan sun bi ta wata hanya mai kama da tamu. Ƙasa ce ta manoma da Ingila ta mulka ɗaruruwan shekaru. Yunwar da ta auka musu daga 1845 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta kori wasu zuwa Amurka, ƙauyuka suka zama kufai, wasannin gargajiyarsu suka kama hanyar ɓacewa. 'Yan boko da masu hali kuwa wasannin Ingilishi suka runguma, su kurket da rugbi. A ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wasu 'yan tsirarun mutane, bisa jagorancin wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack, suka taru a wani otal a garin Thurles suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya da ake kira GAA. Ita ce ta rubuta wa ƙwallon Gelik dokoki: yau mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana amfani da hannu da ƙafa, ƙwallon da ta shiga raga maki uku ce, wadda ta bi ta saman sanda tsakanin dogayen turaku maki ɗaya ko biyu, gwargwadon nisan da aka bugo ta.

Duk da haka jami'a ta kasance wurin da wasan bai samu shiga sosai ba, har sai da aka kafa Jami'ar Ƙasa ta Ayalan a 1908, mai kwalejoji uku a Dublin da Cork da Galway. A kwalejin Dublin akwai wani dattijo, Dakta George Sigerson, wanda aka haifa a 1836, likita, malamin kimiyyar halittu, kuma mai fassara tsofaffin waƙoƙin harshen Ayalan zuwa Ingilishi. A 1911, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya sadaukar da albashinsa na koyarwa aka sayi kofi don kwalejojin nan uku su riƙa karawa a kansa kowace shekara. Ba su kwaikwayi siffar kofunan Ingila ba. An ƙera shi a siffar wani tsohon ƙoƙon shan abin sha na kakanninsu mai marikai huɗu, wanda ake zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Mu ce kamar a ƙera kofi a siffar akushi. Cork ce ta fara ɗauka. Shekara guda bayan haka wani limamin coci da ke koyarwa a Cork, Edwin Fitzgibbon, ya sa nasa kofin don ɗaya wasan nasu, hurling, wanda ake bugawa da sanda.

Makarantu uku, kofi ɗaya, ranar da kowa ya sani. Iyakar abin da aka fara da shi ke nan, kuma an shafe shekaru masu yawa bai wuce haka ba. Ƙasar ta shiga yaƙin neman 'yanci. A Nuwambar 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a filin Croke Park na Dublin ana tsakiyar wasan ƙwallon Gelik, mutum 14 suka rasa rayukansu. Aka raba tsibirin gida biyu a 1921, arewa ta zauna ƙarƙashin Birtaniya. Amma kofin bai san iyaka ba. Jami'ar Queen's ta Belfast, da ke ɓangaren arewa, ta shigo, ta sha kaye shekara da shekaru, sai a 1958 ta fara ɗauka. A cikin 'yan wasanta na wannan shekara akwai wani ɗalibi, Seán O'Neill, wanda bayan shekara biyu yana cikin tawagar gundumar Down da ta ci gasar ƙasa baki ɗaya a 1960, karo na farko da babban kofin ƙasar ya tsallaka iyaka zuwa arewa. Kwalejin Trinity ta Dublin, wadda aka daɗe ana yi wa kallon gidan masu ra'ayin Ingila, ita ma ta shiga a 1963. Daga baya aka buɗe ƙofa ga kwalejojin fasaha da na horar da malamai. Ta fasaha da ke Tralee ta ɗauka sau uku a jere daga 1997 zuwa 1999. Wata 'yar ƙaramar kwalejin horar da malamai a Belfast, St Mary's, ta ɗauka a 1989, ta sake ɗauka a 2017 bayan ta doke kwalejin Dublin, wadda ta fi kowa yawan cin kofin a tarihi. Wannan ya fi komai burge ni, domin malamin da ya buga wasa a kwaleji shi ne zai koya wa yara a firamare.

Gaskiya ita ce ba kofin Sigerson ne ya ceci ƙwallon Gelik ba. Ƙungiyoyin ƙauyuka da unguwanni ne suka riƙe ta, kuma har yau 'yan wasansu ba a biyan su albashi, ko da sun buga a gaban mutum dubu tamanin a Croke Park. Abin da kofin ya yi ƙarami ne amma mai nauyi: ya cire kunya. Likitan da ya koma garinsu, da lauya, da injiniya, da malamin makaranta, ba su koma a matsayin waɗanda suka fi ƙarfin wasan iyayensu ba, sun koma suna alfahari da tabon da suka samu a cikinsa. Akwai kuma abin da ba zan so mu kwaikwaya ba. Shekaru da dama GAA ta haramta wa mambobinta bugawa ko ma kallon wasannin Ingilishi, har a 1938 ta cire shugaban ƙasarsu, Douglas Hyde, daga jerin iyayenta don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa. Sai a 1971 aka soke dokar. Ni ba ni da rigima da yaran Kura da ke cika gidan kallo ranar Asabar don Arsenal da Chelsea. Nakan leƙa da kaina.

Mu ma muna da gasar jami'o'i, kuma ba ƙarama ba ce. NUGA ta fara a Ibadan a 1966 da jami'o'i biyar: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Ahmadu Bello ta Zariya. Ta yi wa ƙasar nan aiki, ta haɗa matasan da ba don ita ba da ba za su taɓa haɗuwa ba. Amma dubi wasannin da aka gina ta a kansu: guje-guje, ƙwallon ƙafa, ƙwallon gora, kurket, tanis, daga baya judo da taikwando. Kokawar Japan ta samu kujera, ta Bahaushe tana bakin ƙofa. Abin ya samo asali tun daga Kwalejin Katsina, inda aka horar da shugabanninmu na farko da kurket da fayis, wannan wasa na makarantun 'ya'yan manyan Ingila da ake buga ƙwallo a bango da tafin hannu. Sardauna Ahmadu Bello ya ƙaunaci fayis, kuma har yau ana buga shi a Katsina da wasu garuruwan Arewa, akwai ma kofi da sunansa. Ban ga laifin fayis ba. Hasali ma shi ne hujjata: wasan da ko a Ingila 'yan ƙalilan ne suka san shi ya rayu a ƙasar Hausa kusan shekara ɗari saboda makaranta ta ba shi bango, manya sun ba shi kofi.

Wani zai ce ai ana langa da dambe da kokawa a bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Haka ne, an ma tsara wa langa dokoki an raba ta rukuni-rukuni. Amma wasan da ake tara 'yan wasansa makonni kaɗan kafin biki, a sallame su da an dawo, bai da saiwa. Dubi maƙwabtanmu na Nijar. Tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, suka ba kokawa rana, suka sa ta zagaya jihohi, yau ƙasar kan tsaya cik idan ana kokawar takobi, minista da ɗan tireda kunnensu a rediyo ɗaya. Dambe kuwa ya ceci kansa da kansa, domin yana da kuɗin ƙofa da 'yan kallo a birane, yanzu ga intanet. Langa ce marainiya. Ba ta da jini da zai jawo 'yan kallo, ba ta da makaɗa, ba ta da tarihin sarauta. Wasan ƙungiya ne na matasa masu lafiya, mai arha, wanda ba ya buƙatar komai sai fili da alli. Wato dai wasan makaranta ne tun asalinsa, makarantar ce ba ta sani ba.

Na san abin da ke iya lalacewa. Idan jami'a ta karɓi abu takan busar da shi, ta kafa kwamiti, ta sa usur da riguna masu lamba, ta kori barkwanci da kirarin da ke sa wasan daɗi. Na kuma san makarantunmu suna fama da abin da ya fi wannan: yajin aiki, ɗakunan karatu da ba kujeru, ɗaliban da ke wuni da yunwa. Amma kwalejojin Ayalan na 1911 ba masu arziki ba ne, kuma ba gwamnati suka jira ba. A jihar Kano kaɗai muna da Jami'ar Bayero, da ta Wudil, da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Dambatta, ban da sauran. Uku sun isa a fara. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da tashar binciken noman rani a Kadawa, masananta sun kawo mana irin alkama da na tumatir har bakin gona, sun san hanyar garuruwanmu. Babu abin da zai hana ɗalibai su biyo wannan hanya sau ɗaya a shekara, a yi karawar a filin wata firamare a Kura ko Bunkure, tsofaffin da suka san wasan su zama alƙalai.

Ina rubuta wannan ina sane da cewa Dakta Sigerson bai rubuta maƙala a jarida yana kira ga hukuma ba. Albashinsa ya ba da. Ni ɗan fansho ne, abin da nake karɓa ba zai sayi azurfa ba, amma na je kasuwar Kurmi na tambayi wani masassaƙi nawa zai sassaƙa min babban akushi na baƙin itace mai marikai, ya faɗa min, kuma bai fi ƙarfina ba. Na ba da kafin alƙalami. Na yi magana da tsofaffin ɗalibaina biyu da ke koyarwa a manyan makarantu. Ɗaya ya yi murna, ɗaya ya yi irin dariyar da na yi shekara arba'in da suka wuce.

Da na koma gida da ƙaramar salla na faɗa wa wana. Na zaci zai sake cewa ba mu da aikin yi. Sai ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, a wane wata?" Ya fara lissafi da yatsu. Damina ba ta yiwuwa, fili duk shuka ne. Watan shuka alkama ba mai kallon ka. Tsakiyar hunturu tumatir ya nuna. Bazara ana girbin alkama ana gyaran gonar shinkafa, ga zafi. Ya kai ƙarshen yatsunsa ya sake farowa. Daga bisani ya ce akwai 'yan kwanaki, ba su kai mako biyu ba, bayan an kwashe shinkafar damina kafin a saki ruwan alkama, lokacin da fangali ke bushe, ƙasa ta yi laushi, wanda ya faɗi ba zai ji ciwo ba. Ya ce in ɗaliban za su zo a lokacin, zai ba da gonarsa ta bakin hanya, amma da sharaɗi: shi zai yi alƙalanci, domin ni tun muna yara ina sakin ƙafa in ce ban saka ba.